A Auna Iskar Kaduna Kafin a Ɗora Mata Hasken Leza

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili domin in ja hankalin manyan makarantunmu na Kaduna da Zariya, da hukumomin da ke kula da sadarwa da yanayi, zuwa ga wani aikin awo da nake ganin lokacinsa ya yi. Aikin kuwa shi ne a auna yadda hargitsin iskar garinmu ke dagula hasken leza, wato siririn haske mai tafiya a miƙe kamar zare, idan ya ratsa ta, a yi awon a nan cikin Kaduna har shekara ta zagayo, sannan a fitar da sakamakon fili kowa ya gani.

Duk mai amfani da intanet a garin nan ya san yadda layi ke ɗaukewa a unguwa guda na tsawon yini ko fiye, idan aka bincika sai a tarar katafila ce ta tsinke wayar gilashi da aka binne a gefen titi lokacin aikin hanya ko na magudanar ruwa. Binne irin wannan waya na da tsada, ga neman izinin haƙa, ga kuma wahalar ƙetare kogi da ita. Wannan ya sa injiniyoyi a ƙasashe da dama suka koma ga wata dabara, wato a kafa na'ura a kan dogon gini ko hasumiya, ta riƙa harba siririn hasken leza zuwa ga 'yar'uwarta da ke can nesa, saƙo ya bi cikin iska ba tare da waya ba. A shekarar 2021 shirin Taara na kamfanin Alphabet, mai mallakar Google, ya haɗa Brazzaville da Kinshasa ta wannan hanya a kan Kogin Kwango, tazarar kilomita 4.8, aka tura bayanai kimanin terabayit 700 cikin kwana 20. Garin da kogi ya raba biyu kamar Kaduna, wanda kuma sababbin unguwanni irin su Millennium City ke ta tsirowa a ƙetaren ruwa, ko ba daɗe ko ba jima za a kawo masa tallan irin waɗannan na'urori. Abin da ya dame ni shi ne, ranar da aka kawo su, da wane ma'auni namu na kanmu za mu tantance ko za su yi aiki a iskarmu, kuma a wane tsayi da wace tazara ya kamata a kafa su?

Ni ɗan safiyo ne, awon filaye na yi har na ajiye aiki, kuma duk abokin sana'ata da ya taɓa leƙa madubin na'urar awo da tsakar rana a watan Afrilu ya san abin da nake magana a kai. Ka kafa na'ura a kan ƙafafunta uku, ka daidaita ta, yaronka ya riƙe sandar firizim, wato gilashin da ke mayar wa na'urar haskenta, a nesa kamar mita 400, ka sa ido, sai ka ga firizim ɗin yana rawa, yana narkewa yana sake haɗuwa, gicciyen da ke cikin madubin ya kasa zama a kansa. Na'urar lafiyarta lau, hannun yaron ma bai motsa ba. Da sanyin safiya wannan firizim ɗin a wannan tazara yana tsaye cak, har kana iya ganin gefensa tas. Muna shigar wa na'urar zafin iska da nauyinta domin ta gyara lissafin nisa, amma wannan gyara matsakaicin yanayin hanya kawai yake kamawa, ba ya kama rawar da ke faruwa daga ƙiftawar ido zuwa ƙiftawar ido. Maganin da muka sani shi ne a yi dogon awo da safe ko da la'asar sakaliya. Na'urar sadarwa kuwa ba ta da wannan zaɓi, dole ta yi aiki da azahar kamar yadda take yi da asuba.

Asalin rawar zafin ƙasa ne. Rana na gasa ƙasa da kwalta da rufin kwano, su kuma su ɗumama iskar da ke taɓa su, sai ta tashi sama dunƙule-dunƙule, iskar da ke kaɗawa ta farfasa manyan dunƙule zuwa ƙanana, ƙanana zuwa waɗanda suka fi su ƙanƙanta, tun daga masu faɗin mitoci da dama har zuwa masu 'yan milimitoci. Iska mai ɗumi ba ta kai mai sanyi cunkushewa ba, saboda haka haske ya fi sauri a cikinta. Bambancin kaɗan ne ƙwarai, domin ƙarin digiri ɗaya na zafi yana sauya saurin haske a iska da kusan kashi ɗaya cikin miliyan ne kawai. Amma idan aka ninka wannan a kan tafiyar kilomita ɗaya, ya zama kamar an rage wa hanyar kusan milimita ɗaya, kuma milimita ɗaya a wurin haske tafiya ce mai nisa.

Haske igiya ce mai hawa da sauka, dangin igiyar rediyo da ake kama tasha da ita a kan mita kaza a gajeren zango, sai dai zangonsa ƙarami ne matuƙa. Jan hasken leza da ake samu a ɗakunan gwaji na makarantu zangonsa nanomita 633 ne, wato a cikin milimita ɗaya akwai zango fiye da 1,500, wanda ake amfani da shi a sadarwa kuma nanomita 1,550 ne, ido ba ya ganinsa. Abin da ya bambanta leza da tocila shi ne igiyoyinta taku ɗaya suke yi, suna hawa tare suna sauka tare. Wannan taku, wato inda igiya ta kai a zagayenta na hawa da sauka a wani wuri a wani lokaci, shi ne abin da nake roƙon a auna. Wanda ya taɓa ganin gayyar noma zai gane shi nan take. Samari sun jeru kowa da kunyarsa, makaɗi na biye da su, fartanya na tashi tare tana sauka tare, sahu ya miƙe sambal. Idan gonar duk ƙasa ɗaya ce, a haka za su kai ƙarshenta. Amma idan wasu suka faɗa wa fako, wasu kuma suka samu jigawa, sai na jigawa su yi gaba, na fako su rage a baya, sahu ya karkace, sara ya daina zuwa tare. Iska mai ɗumi ita ce jigawar haske, mai sanyi ita ce fakonsa, kuma dunƙulen iska guda mai faɗin mita ɗaya, wanda ya fi maƙwabcinsa ɗumi da sulusin digiri kacal, ya isa ya tura jan haske gaba da kusan rabin zango. Rabin zango kuwa shi ne mafi munin saɓani, domin idan igiya mai hawa ta gamu da mai sauka sai su kashe juna, wurin ya yi duhu.

Daga wannan karkacewar sahu duk sauran matsalolin ke fitowa. Idan sahun ya jirkice gefe ɗaya, hasken gaba ɗaya yakan kauce wa inda aka nufa, ya yi ta yawo a kan bakin na'urar da ke jiransa. Idan ya lanƙwashe, sai haske ya taru a wani wuri ya janye daga wani, ƙarfinsa ya riƙa hawa da faɗuwa, wanda shi ne dalilin da ya sa taurari ke ƙyafƙyafta da dare, musamman na kusa da ƙasa, alhali Zara ba ta cika yi ba, domin ita faifai ce mai ɗan faɗi a sararin sama, ƙyaftawar wani sashenta na cike ta wani. Idan kuma duk sahun ne ya yi gaba ko baya tare, lokacin isar saƙon ne ke sauyawa. Na'urorin sadarwa masu gudu sosai sukan so su tattara hasken da ya iso su cusa shi cikin wayar gilashi wadda zuciyarta ba ta wuce maikiromita 9 ko 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, kuma haske ba ya shiga wannan ƙofa da kyau sai sahunsa a miƙe yake. Ke nan haske na iya isowa da ƙarfinsa, amma saboda takunsa ya dagule a yi asarar mafi yawansa a bakin ƙofa.

Masana sun daɗe da shimfiɗa lissafin wannan al'amari. A 1941 Andrey Kolmogorov na Tarayyar Sobiyat ya bayyana ƙa'idar yadda hargitsi ke gangarowa daga manyan dunƙule zuwa ƙanana, Valerian Tatarski ya ɗora tafiyar haske da sauti a kan wannan ƙa'ida, sannan a tsakiyar shekarun 1960 David Fried na Amurka ya fito da wani ma'auni mai sauƙin riƙewa da ake kira da sunansa. Ma'aunin Fried faɗi ne, wato faɗin sashen sahu da za a iya cewa har yanzu a miƙe yake. A kan duwatsun da aka gina manyan madubin hangen taurari, kamar na Chile da Hawai, yakan kai santimita 10 zuwa 20 a dare mai kyau. A hanyar kilomita ɗaya da ta bi kusa da ƙasa mai zafi da tsakar rana kuwa, lissafi ya nuna yana iya faɗowa zuwa santimita 2 ga hasken sadarwa, ƙasa da santimita ɗaya ga jan haske. Idan iska na kaɗawa da gudun mita 5 a sakan, za ta share wannan santimita 2 cikin kashi 4 cikin 1,000 na sakan, saboda haka duk abin da zai auna wannan rawa dole ya ɗauki karatu ɗaruruwa, ko ma dubu, a kowane sakan. Tsakanin iska mafi kwanciya da mafi hargitsi kuma, adadin da ake auna ƙarfin hargitsi da shi yakan ninka sau dubbai. Ƙa'idar ta faɗa mana siffar abin, amma ba za ta faɗa mana inda Kaduna ta faɗa a wannan faffaɗan tsani ba a ranar 15 ga Janairu ko 15 ga Afrilu. Wannan sai awo.

Awon taku yana da wata wahala ta musamman. Jan haske na hawa da sauka kimanin sau tiriliyan 474 a sakan ɗaya, kuma babu na'urar lantarki da za ta bi wannan gudu kai tsaye. Dabarar ita ce a gwada haske da ɗan'uwansa. Ana ɗaukar hasken leza guda a raba shi biyu da gilashi na musamman, rabi ya zauna a gida a kan teburi ko cikin wayar gilashi, rabi a tura shi cikin iska zuwa firizim da aka kafa a nesa, irin wanda muke amfani da shi a safiyo, mai mayar da haske daidai inda ya fito. Idan matafiyin ya dawo sai a gwama shi da na gida. Inda takunsu ya zo ɗaya haske zai ƙaru, inda ya saɓa duhu zai bayyana, sai a ga ratsi-ratsi na haske da duhu a kan allo. Duk lokacin da iska ta ƙara wa tafiyar zango ɗaya ko ta rage, ratsin zai gusa da gurbi ɗaya, kuma ƙidayar wannan gusawa ita ce awon. A na'urorin zamani akan ɗan sauya saurin kaɗawar ɗaya daga cikin hasken biyu da miliyoyi kaɗan a sakan, ta yadda haɗuwarsu za ta haifar da bugu a hankali wanda lantarki ke iya bi, kwamfuta ta riƙa rubuta takun bugun ba tsayawa.

A nan ne gwanintar mai awo ke bayyana, domin na'urar ba ta san bambancin motsin iska da motsin gini ba. Tirela ta wuce a titi, janareto na ruri a ƙasan bene, ƙarfen da aka ɗaure firizim a kai ya miƙe da zafin rana, duk za su shiga cikin karatu kamar iska ce ta yi. Hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce a tura haske biyu kafaɗa da kafaɗa daga teburi ɗaya zuwa wuri ɗaya, a auna bambancin takunsu. Girgizar gini ta same su tare, saboda haka za ta fita daga lissafi, abin da ya rage aikin iska ne. Sannan a riƙa buɗa tazarar da ke tsakaninsu, daga santimita ɗaya zuwa biyu zuwa huɗu, a ga yadda saɓanin ke ƙaruwa. Ƙa'idar Kolmogorov ta ce duk lokacin da aka ninka tazarar biyu, matsakaicin murabba'in saɓanin zai ninka sau uku da ɗan ɗoriya, kimanin 3.2. Ɗalibin da ya zana wannan da hannunsa daga karatun da ya ɗauka a kan Kogin Kaduna, ya ga inda iskar ta bi ƙa'ida da inda ta kauce mata, ya koyi kimiyyar da allo ba zai taɓa koya masa ba.

Hanya ta biyu tana duba siffar sahu gaba ɗaya a lokaci guda. A 1900 Johannes Hartmann na Jamus ya riƙa gwada madubin hangen nesa ta hanyar rufe bakinsa da faifai mai hudoji, ya duba inda hasken kowace huda ya sauka. Wajen 1971 Roland Shack da Ben Platt na Jami'ar Arizona suka maye gurbin hudojin da jerin ƙananan gilasai masu tattara haske, kowanne ya tara nasa rabon zuwa ɗigo ɗaya a kan kyamara. Idan sahu a miƙe yake, ɗigogin za su jeru daidai wa daida. Idan ya karkace, kowane ɗigo zai gusa gwargwadon jirkicewar sashen da ya faɗo masa, kuma daga gusawar ɗigogin kwamfuta za ta sake zana sahun da tudunsa da kwarinsa. Da irin wannan na'ura likitocin ido ke auna karkacewar idon mutum kafin a gyara shi da leza. Da ita kuma ake tuƙa madubi mai lanƙwasuwa wanda ke miƙe sahu tun kafin ya kai ga kyamara, dabarar da Horace Babcock ya kawo a 1953, wadda ta taimaka wa Reinhard Genzel da Andrea Ghez suka bi sawun taurarin da ke zagaya tsakiyar gungun taurarinmu, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2020. Mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya farawa da huda biyu kacal a bakin madubin hangen nesa, ya auna yadda ɗigo biyun ke kusantar juna suna nisanta, kamar yadda masu binciken taurari ke yi idan suna neman wurin gini.

Wani zai ce me ya sa ba za a wadatu da awon ƙyaftawar ƙarfin haske ba, tunda na'urarsa ta fi sauƙi kuma ana sayar da ita a haɗe. Ita ma ina so a kafa ta, amma tana da iyaka biyu. Ƙyaftawa ta fi jin ƙananan dunƙule, masu faɗin santimita 2 zuwa 4 a hanyar kilomita ɗaya, alhali taku ya fi jin manya, saboda haka kowanne rabin labari yake bayarwa. Na biyu, idan hargitsi ya yi ƙarfi kuma hanya ta yi tsawo, ƙyaftawa takan kai wani matsayi ta ƙoshi, ko iska ta ƙara dagulewa karatun ba zai ƙara hawa ba. Wannan kuwa shi ne yanayin da muka fi buƙatar sani, wato azahar ɗin bazara a kan rufin kwano.

Alƙaluman da masu ƙera na'urori ke dogara da su mafi yawa an samo su ne daga awon da aka yi a Amurka da Turai da kan duwatsun Hawai. Kaduna na zaune a tudu mai tsayin kimanin mita 600 daga teku, kuma shekararta kashi-kashi ce mai kaifi. A bazara, watannin Maris da Afrilu, ƙasa a bushe take ƙayau, babu danshin da zai sha zafin rana, kusan duk abin da ƙasa ta karɓa iska take miƙa wa. A damina ciyawa da jiƙaƙƙiyar ƙasa na kashe babban rabo na wannan zafi wajen tururar da ruwa, gajimare kuma na tare rana, sai dai ga ruwan sama da hadari. A hunturu kuwa abubuwa biyu ne ke haɗuwa, kuma ina roƙon kada a cakuɗa su. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana cinye haske tana watsa shi, ita ce hazon da ke hana jirage sauka a filayenmu wasu ranaku. Wannan rage ƙarfi ne, daban yake da dagula taku. Hasali ma hazo mai kauri na rage zafin ranar da ke kai wa ƙasa, saboda haka ranar da haske ya fi raunana ba lallai ta zama ranar da ya fi rawa ba. Da dare kuma a hunturu ƙasa na hucewa da sauri saboda bushewar iska, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa mai ɗumi ta hau kanta, kuma duk lokacin da wata 'yar iska ta motsa wannan shimfiɗa sai hargitsi ya tashi a tsakar dare. Injiniyan da bai raba waɗannan ba zai ƙara wa na'urarsa ƙarfin haske a inda gyaran taku take buƙata, ya kashe kuɗi bai magance komai ba.

Wuri ma na da nasa hukunci. Hasken da ya tashi daga wajen Kabala ya nufi Barnawa zai bi ta kan gidaje da kwalta, ya ratsa kan ruwa da fadama masu sanyi, ya sake hawa kan gidaje, kuma kowane sashe da irin iskarsa. Tsayi kuma yana sauya lissafin sosai, domin da rana a kan fili, idan aka ɗaga hanyar haske daga mita 2 zuwa mita 20, ƙarfin hargitsi na raguwa kimanin sau 20. Amsar tambayar ko bene mai hawa uku ya isa ko sai an gina hasumiya tana cikin irin wannan awo, kuma tambaya ce ta kuɗi tsagwaronta.

Abin da nake ba da shawara bai fi ƙarfin makarantunmu ba. A zaɓi gine-gine biyu masu kallon juna, ɗaya a kowane gefen kogi, da tazarar kilomita ɗaya zuwa biyu, a kuma samu wata gajeriyar hanya ta mita 200 ko 300 a cikin harabar makaranta inda ɗalibai za su fara koyon hannu. A kafa leza mai ƙaramin ƙarfi, da firizim, da kyamara mai sauri, da na'urar ƙyaftawa, da ma'aunan zafi da gudun iska a tsayi biyu ko uku domin a riƙa gwada karatun haske da na yanayi. A ba su wutar sola da batir, domin awon da ke yankewa duk lokacin da aka ɗauke wuta zai rasa daidai sa'o'in da ake nema. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna na da masu safiyo da suka san kafa turaku da ba sa motsi. Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Jihar Kaduna, da Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, da Cibiyar Fasaha ta Rundunar Sojin Sama, duk suna da malaman kimiyya da injiniyoyin lantarki. Hukumar NiMet na riƙe da bayanan yanayi na shekaru, hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA na da cibiyar binciken sararin iska a Anyigba ta jihar Kogi, asusun TETFund kuma don tallafa wa irin wannan bincike a manyan makarantu aka kafa shi. Abin da ya rage shi ne wani ya haɗa su a teburi ɗaya, kuma a ganina hukumar sadarwa ta NCC ce ta fi cancanta, tunda ita za ta ba kamfanoni izini idan lokaci ya yi.

Na san akwai mai cewa jama'a na fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wane ne ke da lokacin rawar haske. Ban raina wannan magana ba, amma amfanin awon bai tsaya ga intanet ba. Ƙarfin hargitsin da haske ya gani yana nuna yawan zafin da ƙasa ke miƙa wa iska, kuma idan aka cire shi daga zafin da ƙasa ta karɓa, abin da ya rage shi ne wanda ya tafi wajen tururar da ruwa daga ƙasa da ganye. Da wannan hanya ake ƙiyasta ruwan da gona mai faɗin kilomita ke sha a yini, kuma an riga an yi amfani da ita a Ghana da Benin. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru za su san darajar wannan ga noman rani, inda kowane awa na injin ban ruwa fetur ne. A matsayina na ɗan safiyo kuma ba zan iya wuce wani abu ba tare da na ambace shi ba. Agogunan zamani masu aiki da haske sun kai daidaiton da bambancin tsayi na santimita ɗaya ke sauya gudunsu har a gane, kuma a 2023 masana na cibiyar ma'aunai ta Amurka sun aika lokaci ta hasken leza tsakanin duwatsu biyu a Hawai, tafiyar kilomita 300 zuwa da dawowa. Wata rana da agogo za a riƙa auna tudu da kwari, kuma abin da ke tsakanin agogo da agogo shi ne wannan iska da takun haske a cikinta.

Sharuɗɗa biyu ne zan nace a kansu. Na farko tsaro, domin Kaduna na da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa da sansanin sojin sama, saboda haka a nemi izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama kafin a kunna komai, hanyar hasken ta kasance a kwance kuma sama da kan mutane, ta ƙare a jikin bango, a kuma fifita hasken nanomita 1,550 a doguwar hanya, tunda gaban ido na shanye shi kafin ya kai ga tantanin gani, ko da yake shi ma yana da iyakar ƙarfin da ba a wucewa. Na biyu, karatun da aka ɗauka ya zama na jama'a, a ɗora shi a intanet kowane wata tare da ranarsa da sa'arsa da tsayin da aka ɗauke shi, yadda ɗalibi a Sakkwato ko Maiduguri zai iya saukewa ya gwada da nasa. Idan za a fara, a kafa na'urorin a watan Oktoba, lokacin da ruwa ke ɗaukewa, domin karatun farko ya kama shigowar hunturu tun daga ranar da iska ta juya.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
Ɗan safiyo mai ritaya,
Unguwar Rimi, Kaduna.